Dalilin da Ya Sa Ba a Haɗa Bakin Zoben Ƙwarya

Dalilin da ya sa ba a haɗa bakin zoben ƙwarya a garinmu, Yaya Tabawa, ke kin fi ni sani, don a bakinki na fara jinsa. Yau da safe muna jin ɗumi a tsakar gida, 'yarki Sahura ta ɗauko ƙwaryar da kike auna gero da ita, ta bi baƙin layin da ya zagaye bakinta da yatsa, har ta zo inda ya tsaya bai taɓa ɗaya ƙarshen ba. Ta ce, "Kawu, Umma ba ta ƙarasa wannan ba ne ta tafi?" Na ce ta ƙarasa, haka ake yi. Ta ce don me? Da kina nan ke za ki amsa. Tunda ba kya nan, na ƙara kara a wuta, na ce ita da ƙannenta su matso. Na gargaɗe su cewa labarin mutanen da ne, tun kafin addini ya iso nan, kada su je su ce wa malaminsu ni na ce haka aka yi. Ban iya shi kamar ke ba, amma ga yadda na faɗa musu.

A zamanin da, sanyi kwana ɗaya tak yake yi a shekara. Idan aka gama girbi, aka jibge dammuna a rumbu, sai wata safiya a tashi a ji ruwan randa yana sarar haƙora. To, ranar ce ranar baƙi. Baƙin kuwa ba kowa ba ne illa waɗanda suka mutu. Da hantsi za a hango su suna ƙetaro gulbi ta mashigin yamma, Baba Korau a gaba. Shi ya fara sare dajin nan ya kafa gari, shi aka fara binnewa a cikinsa, kuma sandarsa ce ke buɗe musu ruwa. Kowa sai ya nufi gidansu. A shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura, a nuna masa jariran da aka haifa bayansa. Wani ya yi faɗa don an bar danga ta faɗi, wata ta tambayi wa aka ba tukunyarta. A yi ta hira har la'asar, sannan su koma. Saboda haka mutanen lokacin ba sa yi wa gawa dogon kuka. Mutuwa a wurinsu kamar tafiya cin rani ce.

Abu biyu ne kowa ya sani, har yaron da bai iya ɗaura wando ba. Na farko, da rana ta faɗa bayan kukar da ke bakin mashigi, ruwa ya rufe ke nan. Na biyu, ba a ba baƙo fura sai a farar ƙwarya wadda ƙarfe bai taɓa ba. Tsofaffi sun ce duk baƙon da ya sha a ƙwaryar da wuta ta zagaye ta haɗa baki, ba shi ba komawa.

To akwai wani mai zanen ƙwarya ana ce masa Tunau. Hannunsa na da kyau. Idan ya gasa ƙarfe a garwashi ya ɗora kan ƙwarya, zai fito maka da kadangare kamar ya gudu, ya fito da sawun zabo, ya fito da igiyar ruwa. Abu ɗaya ya gagare shi, zoben da ake zagaye bakin ƙwarya da shi. Duk yadda ya yi, idan ya zagayo sai ƙarshen layin ya bi sama ko ya bi ƙasa, ya wuce mafarinsa ba su gaisa ba.

Matarsa Marka ba ta taɓa barin wannan ya wuce ba. Za ta ɗauki ƙwaryar ta juya ta a hannu, ta ce, "Maigida, kan zoben nan da wutsiyarsa gaba suke yi ne? Ko in kira musu mai unguwa?"

Shi kuma ya ce, "Ki fara koyon dama fura ba gudaji, sannan ki zo mu yi maganar zobe."

Haka suke, har damina ta uku da aurensu. Gero ya kai gwiwa, naƙuda ta zo mata da gardama. Ta haifi namiji, bai yi kuka ba, ita ma kafin rana ta yi tsaka ta bi shi. Mutane suka ce wa Tunau ya yi haƙuri, ranar baƙi ba nisa.

Ranar ta zo, Marka ta zo. Ta shigo tana kakkaɓe zanenta kamar wadda ta dawo daga rafi. Ya tambaye ta yaron. Ta ce jarirai ba a ƙetarowa da su, ruwan ya fi ƙarfinsu. "Na shayar da shi, na kwantar da shi. Barcin yini guda yake yi, kafin ya farka na koma. Hancinka ya ɗauko, bawan nan, bai yi sa'a ba." Suka yi dariya. Tunau yana ganin yanzu suka fara magana, sai ya ga inuwar danga ta miƙe har ƙofar ɗaki. Ta tashi, ta gyara ɗankwali, ta ce sai baɗi. Ya bi ta har mashigi. Ta shiga ruwa tana hira da wata tsohuwa, ko waiwaye ba ta yi ba, don a wurinta ba wani abu ba ne.

A wurinsa kuwa abu ne. Ya koma gida ya zauna kan tabarmar da ta tashi, ya ji tabarmar sanyi ƙalau. Ya ce a ransa, yini ɗaya, sannan wata goma sha biyu na shiru? Wa ya yanka wannan rabon?

Tun daga ranar ya daina zana kadangare. Zobe kawai yake yi. Ya ɓata ƙwarya ta fi a ƙirga, bayan ɗakinsa ya cika da su. Ya koyi riƙe numfashi, ya koyi juya ƙwarya a kan gwiwa ya bar ƙarfe a tsaye. Ana gab da girbi, wata rana ya zagayo, sai kan layi ya faɗa cikin wutsiyarsa, ba ka iya cewa ga inda aka fara. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da ƙarfe wuta ya sake bi. Ya sake mayarwa ya bi na uku, har layin ya yi zurfi, don kada ya zama akwai inda wuta ba ta ci ba. Da ya huce, ya daka alli ya cike ramin, ya shafe jikin ƙwaryar duka. Ta fito fara sol kamar yau aka fafe ta.

Ranar baƙi ta zagayo. Marka ta yi sallama ta shigo, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, maigida, ka rame. Wa ke yi maka tuwo?"

"Iyarki ce ke aiko mini."

"Har yanzu tana cika kanwa?"

"Har yanzu."

"To, ka ci gaba da haƙuri, ni ma da ita na girma." Ta zauna. Ya miƙa mata furar da hannu biyu. Ta ce, "Yau kuma ladabi? Me ka fasa?" Ta kafa kai ta sha, ta sha sosai, ta sauke tana lasar leɓe. "Ashe kai ma da gudajinka."

Za ta ajiye ƙwaryar, sai ta ga fari a babban yatsanta. Ta duba inda yatsan ya tashi, ta ga baƙi. Dariyar ta tsaya mata a fuska. Ta sa bakin zane ta goge allin kaɗan kaɗan, tana juya ƙwaryar kamar yadda ta saba, tana neman inda layin ya kauce. Ta zagaya sau ɗaya. Ta sake zagayawa.

Ta ce, "Yau ka haɗa."

Ya ce, "Na haɗa."

"Shekara uku ina yi maka dariya. Da na sani da na yaba maka shi a karkacensa."

Ta miƙe ta nufi ƙofa. Taku bakwai ta yi daga inda ƙwaryar take, ƙafafunta suka ƙi. Ta gwada ta gefen rumbu, haka. Ta dawo ta tsaya a kansa.

"Buɗe mini."

"Zauna, Marka. Ga ɗakinki, ban taɓa komai ba. Ga tukwanenki."

"Na bar yaro yana barci."

"Akwai mutane a can. Akwai babanki, akwai kakanni. Wani zai ɗauke shi."

"Wa zai shayar da shi? Babana?"

Ya san da yaron, ba mantawa ya yi ba. Shekara guda yana zagaye tunanin kamar yadda ake zagaye rijiya.

Ta ce, "Za ka raba ni da ɗana."

Ya ce, "Ni ma an raba ni da ke, ba wanda ya tambaye ni."

Ya hura wuta ya ja ta kusa. Ta miƙa hannuwa har harshen wutar yana lasar tafinta, ta ce ba ta jin komai. "A can ba na jin sanyi, maigida. A nan nake ji. Yini ɗaya ina iya daurewa saboda ku. Haka kake so ka riƙa ganina kullum, ina rawar ɗari a bakin murhu?" Ya ɗauko bargonsa ya lulluɓa mata. Rana ta yi tsaka, ta karkata.

Da la'asar baƙi suka fara taruwa a mashigi. Baba Korau ya duba, ya ga ba Marka. Labari ya shiga gari. Maza suka cika ƙofar gidan Tunau, wani ya ce a ƙwace ƙwaryar a fasa. Wani dattijo ya ce kul, wadda ta sha a ciki tare da ita za ta fashe, kuma ba mai iya kankare zoben sai hannun da ya zana shi. Suka yi lallashi, suka yi zagi. Tunau ya rungume ƙwaryarsa ya sunkuyar da kai.

Sai ga Iya Gwamma, uwar Marka. Marka ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunanta ba, kuma tunda aka yi auren ba ta taɓa taka gidan surukinta ba. Ko a hanya suka haɗu sai ta ratse ta ba shi baya. Ranar ta ratsa maza ta shiga har tsakar gida, ta durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

Ta ce, "Tunau."

Jin sunansa a bakinta ya sa ya ɗago.

"Ni na haife ta. Idan akwai mai son ta zauna, na riga ka. Amma na san abin da ake ji idan nono ya cika, yaro yana nesa. Dube ta."

Ya duba. Gaban zanen Marka ya jiƙe. Tana kallon yamma kawai.

Nan abin ya karye masa. Ya zabura ya ɗauki ƙwaryar da 'yar wuƙarsa ta sassaƙa, ya ce su tafi mashigi, a can zai kankare, da zoben ya buɗe sai Marka ta faɗa ruwa. Ya ruga, Marka na biye da shi, gari duka na biye da su.

Suka tarar da baƙi a tsaye a bakin ruwa, rana ta sauko kan rassan kuka. Tunau ya zube gaban Baba Korau ya ce, "Baba, ku tafi da ita da ƙwaryar, na bar muku."

Korau ya ce, "Kayan masu rai ba ya ƙetare ruwan nan, ɗana. Kankare. Ina jira."

Ya zauna a kan yashi ya kafa ƙwaryar a gwiwa ya fara. Da sau ɗaya ya bi layin, da kafin a tauna goro ya gama. Amma sau uku ya bi. Ya kankare baƙi, ya tarar da baƙi a ƙarƙashi. Ya sake kankarewa, wani baƙin. Ga shi ba dama ya danna wuƙa, don jikin ƙwaryar ya yi siriri a wurin, idan ya huda ta ya huda Marka. Ba ka jin komai sai ƙarar wuƙa, ƙar, ƙar, ƙar.

Rana ta shiga tsakiyar kuka. Marka ta tsuguna kusa da shi ta ce, "A hankali, maigida. A hankali, amma ka yi sauri."

Rana ta kai gindin kuka, saura ja kaɗan kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Korau ya ɗaga sanda. Iya Gwamma ta riƙe bakin rigarsa ta ce, "Baba, kaɗan ya rage."

Ya ce, "Na gani, Gwamma. Amma ba zan bar duk waɗannan a wannan gefen saboda mutum ɗaya ba." Ya bugi ruwa, ruwa ya buɗe, baƙi suka fara shiga. Mijin Gwamma yana cikinsu, da 'ya'yanta maza biyu. Korau ya tsaya a ƙarshe, ya juyo ya dubi mutanen gari. Ba da faɗa ya yi magana ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Shekara da shekaru muna zuwa, ba mu taɓa duba ƙwaryar da kuka miƙo mana ba. Daga yau sai mun duba. Wanda kuwa zai duba ƙwaryar gidansu kafin ya sha, gara ya yi zamansa inda yake." Ya shiga. Jan ya ɓace. Ruwa ya koma ya haɗe.

A daidai nan wuƙar Tunau ta taɓa fari. Zoben ya buɗe, faɗin yatsa ɗaya.

Marka ta kwasa da gudu ta faɗa gulbi. Ruwa ne kawai, iya gwiwa, irin wanda ake wanki a ciki. Ta yi gaba, ta yi dama, ta yi hagu, tana lalube da ƙafa. Iya Gwamma ta buɗe baki ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba, "Marka! Marka!" Marka ta fito a hankali, ta tsaya gaban mijinta. Haske yana raguwa, ita ma tana raguwa tare da shi, har ana hango kukar ta cikin jikinta. Tunau ya ɗago mata ƙwaryar yana nuna mata gurbin, kamar yaron da ya kawo aikinsa a duba.

Ba ta zage shi ba. Ta dubi ƙetare ta ce, "Yanzu zai farka."

Daga nan ba wanda ya ƙara ganinta. Sai wani sanyi da ya ratsa tsakanin mutane ya shiga gari.

Washegari aka tashi, sanyi bai tafi ba. Jibi ma haka. Ya yi wata, ya yi wata biyu, yana bin gida gida, yana shiga ta ƙarƙashin ƙofa, yana taɓa jarirai a bayan iyayensu ya wuce. Tsofaffi suka ce ita ce, tana neman mashigi, tana duba jariran ko akwai nata. Da shekara ta zagayo, kowane gida aka dama fura a farar ƙwarya, aka fita bakin gulbi tun hantsi. Aka tsaya har rana ta faɗa bayan kuka. Ba wanda ya zo.

Ba a kori Tunau ba, ba a buge shi ba. Kowa ya san a ransa cewa shi ma ya taɓa kallon inuwar danga tana miƙewa ya ji kamar ya riƙe ta. Iya Gwamma ta ci gaba da aika masa tuwo da kanwarsa har ta mutu. Gawarta ce ta farko da aka yi wa kuka na gaske a garin nan, don ranar ce mutane suka gane ba sauran sai baɗi. Tunau ya tsufa yana zane. Hannunsa ya riga ya iya haɗa zobe, amma duk lokacin da ya zagayo, saura faɗin yatsa, sai ya ɗage ƙarfe. Duk ranar farko ta sanyi ya ajiye fura a ƙofar gida, ya juya gurbin yana kallon yamma, ko wani a ƙetare zai hango ya ce wa Korau sun daina. Waɗanda suka koya a wurinsa haka suka koya.

Shi ya sa har yau sanyi ba ya tafiya a kwana ɗaya. Shi ya sa har yau mai zane a garinmu ba ya haɗa bakin zobe, kuma tsofaffi suna ajiye fura a ƙofa ranar da sanyi ya fara, ko da kaji ne za su sha.

A nan na tsaya musu, Yaya. Sahura ta mayar da yatsanta cikin gurbin ta ce, "To ai Umma ta bar ƙofa." Na ce, e, ta bar ƙofa. Suka tashi suka tafi wasa.

Abin da ban faɗa musu ba, shekaranjiya da sanyin ya fara, na ɗauko ƙwaryar ƙarshe da kika zana, wadda ke rataye a ɗakinki. Na gasa ƙarfenki. Na san labarin nan tun ina goye a bayanki, na san ƙarshensa, amma na haɗa zoben. Na shafa alli, na dama fura, na ajiye a ƙofa na zauna daga hantsi har rana ta faɗi. Furar tana nan yadda na dama ta. Na san labari ne kawai. Amma tun ranar nake tunani, ko kin zo, kin duba ƙwaryar gidanku, kin juya.

Ƙwaryar tana ƙarƙashin gadona. Jiya na fara kankarewa, sau ɗaya na bi layin, bai yi zurfi ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.